Ranar da Teku Ta Zo Gorton

Allah ya jiƙan yayana Bara'u, ya kai haske kabarinsa. Bana shekara uku da rasuwarsa, amma har yau in 'yan'uwa suka taru a Manchester aka ɗauko zancensa, kafin a shafa fatiha sai an yi dariya. Mutum ne mai kirki, mai kyauta, direban bas da tsofaffin unguwa ke gaisarwa da suna. Aibinsa guda ne. Bakinsa kullum yana gaban hannunsa da tafiyar kwana biyu. Babu abin da bai iya ba a duniya, muddin ba a miƙa masa abin ba.

Babban abin alfaharinsa shi ne wai shi ɗan ƙauye ne. Ya kwana a gona, ya yi kiwo, ya kashe kububuwa da takalmi. Ni da muka fito ciki ɗaya na san a Fagge aka haife mu, a gida mai famfo da lantarki. Ƙauyen kakanmu sau biyu muka je, na biyun ma bai fito daga mota ba, saboda wani talotalo ya yi masa kallon banza. Matarsa Batulu ce ta tashi a ƙauye na gaske, a hannun kakarta can wajen Ɗambatta, amma ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba.

Duk hutun bazara, mako biyu suke yi a Birmingham, a gidan yayan Batulu, Likita Halliru, da ke unguwar Aston. Yaya Bara'u ya tsani hutun nan. Ba wai Halliru yana wulaƙanta shi ba. Abin da yake yi masa ya fi wulaƙanci ciwo: sai ya saurari labarin kububuwa tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da shan shayinsa.

Wata Sallah, ana tsakiyar cin abinci a gidan Halliru, sai Yaya Bara'u ya ture faranti.

"Bana kam ba za ku gan mu ba, Likita."

"Lafiya dai?"

"Tsibiri za mu."

Ya zaro waya ya miƙa, aka yi ta zagayawa da ita. Wani ɗan tsibiri ne can cikin tekun Indiya, ga farin yashi, ga bishiyoyin kwakwa, ga tantuna a bakin ruwa. Ya shiga zayyana musu dokokin wurin kamar shi ya kafa su. Babu lantarki sai na hasken rana. Ruwan sama ake tarawa a sha. A murhu ake girki. Ba a shiga da leda. Masai ma rami ne da garin katako, daga baya a kwashe a zuba wa shuka.

'Ya'yansa biyu, Na'ima mai shekara goma sha uku da Ramlat mai tara, suka yi tsalle suka rungume shi.

"Daddy, da gaske? Da gaske?"

"Ubanku ya taɓa faɗar abin da ba zai yi ba?"

Halliru ya yi gyaran murya.

"Su za su kafa muku tantin?"

"Akwai ɓangaren ragwaye, inda ake kafa wa mutum. Ni na zaɓi inda namiji ke yin komai da hannunsa."

"Abban Na'ima," in ji Batulu, "ranar da ƙwan fitilar banɗaki ya mutu, mako uku muka yi muna shiga da tocila."

"Wannan ai aikin Bature ne. Ni maganar daji nake yi miki."

"To ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ɗin kowa yana jakata, kuma ba zai fito ba sai na gani da idona. Ka riƙe mu yini guda a tsakar gidanmu yadda za ka riƙe mu a can. Ka kafa tanti, ka ciyar da mu, ka shayar da mu, daga hantsi zuwa magariba, ba tare da ƙafarka ta taka cikin gida ba. In ka kai, ni da kaina zan haɗa kaya. In ka taka, Birmingham."

"Yini guda? Ki ce mako!"

"Yini ya isa. Kuma na yi alkawari, ni da yara ba za mu riga ka shiga ba."

"Likita, kai ne shaida."

"To, madalla," in ji Halliru.

Gidan Yaya Bara'u irin jerin gidajen nan ne na unguwar Gorton a Manchester, masu manne da juna. Tsakar gidan tana baya, faɗinta bai fi tabarma shida ba, rabi daɓen siminti, rabi ƙasa, da ƙofa da ke fita lungu. Ya duba ya ce tsibiri ba ya yiwuwa babu yashi. Ya buga waya wurin masu sayar da kayan gini ya ce a kawo buhu ɗaya. Shi buhun shinkafa yake hange. Ran Juma'a sai ga babbar mota mai ƙugiya ta sauke masa wani buhu da ya kai shi ƙirji, a bakin ƙofar gaba, ta yi tafiyarta. Yashin kuma ba fari ba ne, jan yashin gini ne mai danshi.

"Haka na ce a kawo," ya faɗa wa Batulu. "Farin yana kashe ido."

Yinin ranar da bokiti ya yi ta jido, ta falo, ta kicin, har tsakar gida. Kafin la'asar kafet ɗin Batulu ya yi hanya ja tun daga ƙofa, kamar burtalin shanu. Shi kuwa da ya huta, sai ya shiga zauren Hausawan Manchester a waya ya rubuta: gobe Asabar bayan la'asar kowa ya zo cin gasasshen kifi a bakin teku, a biyo ta lungu.

Asabar da ƙarfe tara ya fito da hular malafa da wando iya gwiwa. Ya jera bokitai huɗu don tarar ruwan sama. Akwai famfo a jikin bango wanda ake ban ruwan shuka da shi, ya samo tsumma ya ɗaure masa baki tamau.

"A tsibiri babu famfo."

"To me za mu sha?" in ji Batulu.

"Nan fa Manchester ce. Kafin sha ɗaya bokitan nan sun cika."

Garin da ba ya kwana biyu ba a yi ruwa ba, ranar ko gajimare ɗaya babu. Sama ta yi fes kamar an wanke faranti.

Batulu ta shimfiɗa tabarma a inuwar bango ta zauna da saƙarta. Can sai ga kai ya leƙo ta saman shingen katako. Maƙwabciyarsu ce, Mama Celestina, tsohuwar nas da ta yi ritaya, mai ciwon gwiwa, wadda aka haifa a wani tsibiri na gaske a Karebiyan. Da Turanci suke magana, ni ce nake mayar muku.

"Gini za ka yi, maƙwabci?"

"Bakin teku ne, Mama."

Ta dubi jan yashi, ta dubi malafa. "Tekun fa?"

"Yana zuwa," in ji Batulu, ba ta ko ɗago ba.

"To bari in ɗauko kujera, Kyaftin. Yau ba zan kunna talabijin ba."

Aka zo kafa tanti. Na'ima ta zaro takardar bayani daga jaka.

"Daddy, an ce a fara da—"

"Ajiye, 'yata. Bukka ce ta Bature. Wanda ya yi bukka da kara zai tsaya karatu?"

Ya karɓe takardar ya cusa a aljihu. Turaku suka ƙi shiga siminti, ya lanƙwasa uku, na huɗu ya tashi sama ya faɗa kwata. Sai ya koma ɗauri. Igiya ɗaya a jikin igiyar shanya, ɗaya a shinge, biyu a jikin kwandon shara mai taya. Bayan awa biyu wani abu ya miƙe, ƙugunsa a karkace kamar raƙumi zai durƙusa. Sanduna biyu suka rage a hannunsa.

"Waɗannan fa?" in ji Ramlat.

"Gyara ce. Kamfani ke ƙarawa."

"Daddy, ina ƙofar?"

Aka zagaya aka zagaya. Ƙofar tana manne da bango.

"Da gangan na yi, saboda iska. Ta ƙasa ake shiga."

Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce, bokitai ko ɗigo. Ramlat ta ce ƙishi take ji.

"Abin nema ya samu," in ji shi. "Kawo kwakwa."

Ya sayo kwakwa uku a kasuwar Gorton. Ya ɗora ɗaya a kan bulo, ya ɗaga guduma, ya ce kowa ya matsa ya ga yadda ake yi a daji. Bugu na farko ya sami bulo. Na biyu ya sami gefen kwakwa, ta yi fitar burtu ta haye shinge, sai ji aka yi ƙwal a cikin tukunyar furen Mama Celestina.

Tsohuwa ta ɗauko, ta shiga kicin ta fito da wuƙa. Da bayan wuƙar ta ƙwanƙwasa sau uku tana juyawa, kwakwa ta rabe biyu. Ta miƙo wa Ramlat ta saman shinge, ruwan ko zuba bai yi ba.

"Ai na riga na sassauta ta," in ji Yaya Bara'u.

"Ka sassauta tukunyata dai, Kyaftin."

Da azahar ta yi ya ce kowa ya yi taimama, ga yashi nan. Batulu ta ce ita ba ta taimama famfo yana kallonta. Ta kwashi yara suka bi ta lungu zuwa gidan Mama Celestina, suka yi alwala, suka yi abin da za su yi, suka dawo kowa da kofin ruwan sanyi.

"Wannan ha'inci ne!"

"A tsibirin babu maƙwabta? Cikin gidanmu muka ce, Abban Na'ima. Ko kai ma za ka leƙa?"

"Ni? In shiga banɗakin tsohuwa? Allah ya sawwaƙe. Masai na tsibiri zan haƙa, in an jima."

Amma kofin da aka miƙo masa ya shanye. Ya kuma shanye ruwan sauran kwakwa biyu da Mama Celestina ta fasa, wai don kada ya lalace.

Sai girki. Ya kafa bulo uku ya ce ga murhu. Itacensa wani tsohon katakon ɗora kaya ne da ya kwana wata biyu a lungu yana shan ruwan sama. Ya ce ashana ta 'yan birni ce, ya ɗauko duwatsu biyu yana ƙyastawa. Ya ƙyasta har ya ƙyasce babban yatsansa. Ya tsotsi yatsa, ya dubi sama, ya dubi shinge.

"Mama, ko kina da ashana? Duwatsun ƙasar nan ba su da wuta a ciki."

Ashana ta ƙare saura tsinke biyu, katako bai kama ba. Ya laluba aljihu ya ciro takardar bayanin tanti ya cinna mata. Ita kam ta ci. Katakon kuwa wuta kaɗan, hayaƙi da yawa. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ya haye shinge, ya shiga zannuwan gadon da Mama Celestina ta shanya. Tagogin sama suka fara buɗewa gida bayan gida. Wani Bature daga gida na uku ya leƙo yana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana. Wata mata ta ce ita council, wato ƙaramar hukuma, za ta kira.

"Ku kwantar da hankalinku!" Yaya Bara'u ya ɗaga murya, hawaye na zuba. "Maganin sauro ne!"

"Babu sauro a Gorton!"

"Ka gani? Yana aiki!"

Batulu ta leƙo ta cikin hayaƙi. "Ka cusa itace ya yi yawa. Wuta ma numfashi take yi."

"Maman Na'ima, ki bar gwani ya yi aikinsa."

Da ruwan da yara suka roƙo masa a maƙwabta ya ɗora tukunya, wai tuwon shinkafa zai yi kafin kifi. A rayuwarsa bai taɓa riƙe muciya ba, amma ya sha ganin ana yi. Abin da bai lura da shi ba, mai tuƙa tuwo a murhu tana tokare tukunya. Shi kuwa ya tsaya a tsaye, ya kama muciya da hannu biyu kamar mai tuƙa kwalekwale, ya ja da ƙarfi. Tukunya ta bi muciya. Ta sauka daga kan bulo, ta mirgina sau biyu, ta kife a kan jan yashi.

Ramlat ta tsuguna tana kallo. "Daddy, tuwon ya zama orange."

"A tsibiri haka ake cinsa."

"To bismilla," in ji Batulu. "Mai gida ke farawa."

Ya ce shi bai jin yunwa tukuna. Da ya juya wajen kifin da ya jera a faranti, sai ya ga wutsiyar kyanwar gida na uku tana ɓacewa ta saman bango, da mafi girmansu a bakinta.

Na'ima ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. "Daddy, ba komai. Mu ba ma jin yunwa. Kai dai kada ka shiga gida. Na riga na gaya wa duk 'yan ajinmu."

Maganar nan ta shige shi. Ya dafa kanta ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe, ƙafarsa ba za ta taka ƙofar kicin ba.

Sama da ƙasa ba su haɗe ba. Ruwan kwakwa biyu da kofin ruwan sanyi ne suka haɗe. Wajen ƙarfe huɗu aka ga Yaya Bara'u ya fara taka rawa ba kiɗa. Ya ɗauki shebur, ya nufi kusurwar da ke da ƙasa, daidai ƙarƙashin famfon da ya ɗaure wa baki, ya kafa zani a matsayin labule.

"Kyaftin," in ji Mama Celestina, "ni da kai ne ba zan haƙa nan ba."

"Mama, ni ƙasa tana yi mini magana. In na taka wuri na san abin da ke ƙarƙashinsa."

Ya haƙa da sauri irin na mai uzuri. Taƙi ɗaya, taƙi biyu. Shebur ya daki wani abu.

"Saiwa ce," ya faɗa daga bayan labule.

"Saiwar me?" in ji Batulu. "Akwai bishiya a gidan nan?"

Ya ajiye shebur ya ɗauko diga da ya aro. Ya ɗaga ta sama, ya ce bismilla, ya sauke.

A daidai lokacin ne muka shigo ta ƙofar lungu. Halliru ne a gaba da farar shadda, ya tuƙo tun daga Birmingham, matarsa Safiyatu na biye. Bayansu mutum goma sha wani abu na zauren Manchester, wasu da lemo, wasu da yaji a leda don cin kifi. Ni ma a cikinsu nake. Sallamarmu ba ta gama fita ba, sai muka ga labule ya tashi sama, ruwa ya yi tsiri ya fi tsawon mutum, malafa tana rawa a samansa. Bututun da ke kai ruwa famfon tsakar gida ya fasa.

"Ga tekun ya iso," in ji Batulu. Ta naɗe tabarmarta ta hau kan matakala.

Ruwa ya bi jan yashi ya zama kunu. Ya kashe murhu, ya ɗauki tuwo, ya shiga ƙarƙashin tanti. Yashin da aka jido jiya ya toshe kwata, ruwa ya rasa hanyar fita. Mutane suka yi ta ɗage riguna suna ja da baya. Yaya Bara'u ya danna ƙafa a kan ɓarakar, ruwan ya canza hanya ya wanke Halliru tun daga hula har takalmi. Ya janye ƙafa, ya ja kwandon shara don ya danne wurin, ya manta igiyoyi biyu na jikinsa. Tanti ya biyo kwando, igiyar shanya ta biyo tanti, gaba ɗaya suka rufto masa a ka.

Da ya fito daga ƙarƙashi, sai ya haye tsibin yashin da ya rage a tsakiya. Ruwa gabas, ruwa yamma, kudu da arewa, shi kaɗai a tsaye a kan tudu, jiƙe sharkaf, ja tun daga gira har ƙafa.

Halliru ya matse hularsa ya dube shi. "Malam Bara'u, tsibirin kam na gani. Ina kifin?"

Dariya ta ɓarke har tagogin sama.

"A kashe ruwan mana!" wani ya ce. "Ina makunnin yake?"

"A kicin," in ji Batulu. "Ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Bara ya yi mini kabad ya rufe shi da katako. Shi kaɗai ya san wane katako ne."

Ido ya koma kan Yaya Bara'u. Shi kuma ya dubi Halliru.

"Likita, saura nawa magariba?"

Halliru ya duba agogo. "Awa huɗu da rabi."

"Haba! A Kano da yanzu an kusa kira."

"A Kano ka yi alkawarin?"

Ya waiwayo ya hango ni. "Ƙanwata, shiga ki kashe."

"Yaya, kabad ɗin da ko Anti Batulu ba ta gane kansa ba?"

Sai ya hango Yusha'u, wani ɗalibi daga unguwar Whalley Range da ke digiri na uku a kan harkar ruwa. "Yawwa! Injiniya! Baƙo ba ya cikin yarjejeniya. Ko yana ciki, Likita?"

"Ba ya ciki."

Yusha'u ya tuɓe takalmi ya shiga. Yaya Bara'u yana ba da umarni daga kan tudu.

"Katako na hagu!"

"Na ja, ba ya motsi!"

"Hagun mai fuskantar alƙibla!"

Sai muka ji wani rugugi, tukwane da murafai suna zubowa kamar ana biki. Yusha'u ya leƙo ta taga da garin kuka a gashinsa.

"Yaya, shekara bakwai ina karatun ruwa, ban taɓa ganin wanda ya kafa wa makunni ƙusa goma ba."

"Tsuntsun da ya ja ruwa," in ji Batulu, "shi ruwa kan doka."

"Zan tsaya a nan har magariba," in ji Yaya Bara'u. Ya harɗe hannuwa. "Ruwa ne fa kawai. Mu da za mu teku?"

Wataƙila da ya tsaya ɗin. Amma ruwa ya sami hanya ta ƙarƙashin shinge. Ya bi ta kan alayyafon Mama Celestina, ya kewaye ƙafafun kujerarta, ya nufi ƙofar kicin ɗinta. Tsohuwa ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi, ta koma ta zauna, silifas ɗinta guda ya yi gaba a kan ruwa. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kyaftin, jirgina ya fara nutsewa."

Yaya Bara'u ya dubi tsohuwa. Ya dubi 'ya'yansa. Na'ima ta ciji leɓe, idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce, "Daddy, je ka kawai."

Ya sauko daga tudu. Ya ratsa teku, ruwa iya idon sawu. A bakin ƙofar kicin ya tsaya, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga yatsa.

"Ku shaida, ba gazawa ce ta shigar da ni ba. Haƙƙin maƙwabtaka ne."

"Mun shaida," in ji Halliru. "Taka."

Ya taka. Cikin minti biyu ruwa ya tsaya. Amma shi sai da ya yi minti goma bai fito ba, kuma duk mun ji ƙarar ƙofar banɗakin sama.

Ranar dai Batulu ce ta ciyar da baƙi. Ta tsinci busassun guntayen katako uku, ta gyara bulo, ta hura sau biyu, wuta ta tashi. Ta gasa kifin da kyanwa ta rage, Mama Celestina ta kawo shinkafa da wake irin na garinsu, maza suka kwashe yashi daga kwata. Yaya Bara'u yana tsaye a kan Batulu yana cewa, "Yawwa, haka. Juya shi. Kin fara ganewa."

Mako na gaba suka loda kaya sai Birmingham. Yara sun kumbura a bayan mota tun daga Gorton. Halliru ya tarye su a ƙofar gida.

"Sannunku da zuwa. Ashe dai za mu gan ku bana."

"Likita, kai da ka yi karatu mai zurfi, in tambaye ka. Ƙasar nan da muke ciki, me ya kewaye ta?"

"Ruwa."

"Ta ko'ina?"

"Ta ko'ina."

"To me ake kiran ƙasar da ruwa ya kewaye?" Ya juya wajen yara. "Na ce zan kai ku tsibiri ko ban ce ba? Ku sauko da kaya."

Ramlat ce ta fara fashewa da dariya, sannan Na'ima. Halliru ya buɗe baki zai ce madalla, dariya ta ƙwace masa, har sai da ya dafa mota. Yaya Bara'u ya sha faɗa daga baya cewa ranar ce ya ci Likita da yaƙi.

Bai samu zuwa tsibirin ba. Shekarar da ta biyo baya ciwo ya kwantar da shi, ta bayanta kuma ya tafi. Ranar ta'aziyya Mama Celestina ta zo da sandarta, ta zauna cikin mata, ta ce a duk layin nan babu wanda ya taɓa barin teku guda saboda ita sai Kyaftin.

Bara da bazara Batulu ta fito da fasfo daga jaka, ta kwashi yaran suka tafi. Ɓangaren da mutum ke yin komai da hannunsa ta zaɓa. Ta aiko mini da hoto: farin yashi, tanti a tsaye ƙyam da ƙofarsa tana kallon ruwa, tukunya a kan duwatsu uku, tsohuwar malafar nan a kan Ramlat. Na kira ta na ce, "Anti, wa ya kafa muku tantin?"

"Ni da Na'ima. Minti ashirin. Takardar muka karanta."

Ina jin ƙarar teku ta cikin waya. Can ta ja hanci ta yi dariya.

"Da yana nan," in ji ta, "da yanzu ya tara mutanen tsibirin nan kaf yana gaya musu shi ya koya mini."